Filin Shawarwari: Land Rover da Ta Rasa Ƙarfi Bayan Canjin Tiransifa

TAMBAYA

Mai wannan wasiƙa yana neman a bayyana masa abin da zai sa tsohuwar mota mai jan taya huɗu ta rasa ƙarfi bayan an sa mata kayan giya masu lafiya, da kuma ko canza giyabos zai dawo mata da shi. Motar Land Rover Defender 110 ce, ƙirar 1996, mai injin 300Tdi da taya 7.50R16, kuma sana'arta ɗauko doya da ƙwarar kaɗanya daga ƙauyukan hanyar Salaga da na tsakanin Yendi da Bimbilla zuwa kasuwar Aboabo a nan Tamale. Da akwatin tiransifarta ya lalace a ƙarshen damina, an sayo na hannu daga kudu, wanda aka ce daga Discovery aka ciro shi, ya kuma zauna daram ba yanka ba walda. Amma tun daga ranar, in an yi mata lodi da kyar take tashi, kuloci yana ƙauri, giya ta biyar kuma ba ta riƙe ko ɗan hawa. Wani fita ya ce giyabos ne ya gaji, a nemo wani. Wani kuma ya ce a sa difaransha ta tsohuwar Land Rover Series a baya don ƙarin ƙarfi. Kuɗin aiki ɗaya kaɗai ke hannu, ga kakar doya ta kama.

Daga wani mai karatu, Tamale, Gana.

AMSA

Allah ya saka wa Malam mai tambaya da alheri bisa cikakken bayaninsa, domin a cikin wasiƙar akwai abin da ya isa a gane cewa giyabos ba shi da laifi, kuma akwatin da aka sayo ma lafiyarsa ƙalau, sai dai an ƙera shi ne don wata mota mai wani irin aiki. Abin da ya canza shi ne rabon juyi, wato yawan juyin da inji zai yi kafin taya ta juya sau ɗaya, wanda yawan haƙoran giyoyin da ke cizon juna ke tsarawa. Duk lokacin da wannan adadi ya ƙaru, mota takan ƙara ƙarfin ja ta rage gudu, idan ya ragu kuma sai ta ƙara gudu ta rasa ƙarfin ja, kamar yadda mai keke yake sa giya mai sauƙi a gindin tudu ya koma mai tsauri a shimfiɗaɗɗiyar hanya.

A irin wannan mota ƙarfin inji yana ratsa matakai uku kafin ya isa ƙasa, kuma rabon kowane mataki ana ninka shi ne da na mai bi masa. Na farko shi ne giyabos, wanda a Defender mai 300Tdi sunansa R380, da ya maye gurbin LT77 a 1994, kuma giyarsa ta ɗaya tana da rabon 3.69, ta huɗu 1, ta biyar 0.77. Na biyu shi ne tiransifa, wato akwatin LT230 da ke bayan giyabos, mai raba ƙarfi tsakanin tayun gaba da na baya, mai ɗauke kuma da babban zango na tafiyar yau da kullum da ƙaramin zango da direbobi ke kira ogzilari. Na uku shi ne difaransha, wato curin haƙoran da ke tsakiyar kowane aksul yana ba tayar dama da ta hagu damar juyawa da gudu daban-daban a kwana, kuma rabonta 3.54 ne gaba da baya.

Akwatin LT230 na Defender da na Discovery kamanninsu ɗaya a waje, shi ya sa ɗaya ke zama a gurbin ɗaya, amma babban zangon na Defender mai Tdi 1.410 ne, na Discovery ta farko kuwa 1.222, domin ita Discovery an yi ta ne don kwalta da iyali, tana kuma tafiya a kan taya 205R16, wadda ta fi 7.50R16 ƙanƙanta da kusan kashi 10 cikin 100. Idan aka ninka 3.69 da 1.410 da 3.54, za a ga inji yana juyi kusan 18.4 a giya ta ɗaya kafin taya ta juya sau ɗaya, alhali da akwatin Discovery adadin ya sauko zuwa kusan 16. Wato motar ta yi asarar kashi 13 cikin 100 na ƙarfin ja a kowace giya, kuma kuloci ne ke biyan wannan bashi a duk tashi da lodi.

Lissafin giya ta biyar ya fi bayyana ciwon. Taya 7.50R16 tana cin kusan mita 2.5 a juyi ɗaya, saboda haka a gudun kilomita 70 a awa, akwatin asali yana ajiye inji a kusan juyi 1,800 a minti, wanda shi ne daidai inda 300Tdi ke ba da mafi girman ƙarfin murɗawarsa, na Discovery kuwa yana sauke shi zuwa kusan 1,550, inda turbo, wato famfon da hayaƙi ke juyawa yana cusa wa inji iska, bai gama cika ba. Gaskiya ne cewa wannan akwati yana da amfani ga motar da ke bin kwaltar Tamale zuwa Bolgatanga ko Kumasi ba kaya, domin a kilomita 100 inji yana juyi kusan 2,200 maimakon 2,550, ƙara ta ragu. Amma motar da abincinta ke hanyar burji, da buhuna har rufi, ba ta cika kaiwa wannan gudu ba balle ta ci moriyarsa.

Daga nan za a gane cewa shawarar farko asarar kuɗi ce, domin wani R380 na motar dizal rabonsa kusan iri ɗaya ne da wanda ke ciki, kuma na Discovery ma ya bambanta da na Defender wajen mazaunin sandar giya. Giyabos da ya gaji yana da alamunsa, kamar ƙugi, ko gurzar haƙora wajen shiga giya ta biyu, ko fitar giya da kanta, kuma babu ko ɗaya a cikin wasiƙar. Shawara ta biyu kuwa haɗari ce, domin difaransha ta Series 4.7 ce, wadda ta zarce 3.54 da kashi ɗaya cikin uku, kuma Defender tana jan tayunta huɗu ne a kowane lokaci. Idan gaba da baya suka saɓa haka, difaransha ta tsakiya da ke cikin tiransifa za ta riƙa aikin da ba a yi ta dominsa ba har ta ƙone, ranar da aka kulle ta a taɓo kuma aksul ɗaya zai yi kokawa da ɗaya har sandar aksul ko furofela ta karye. Ka'idar da ba a ketarewa ita ce rabon gaba da na baya su zama ɗaya.

Abin da ya kamata Malam ya fara yi shi ne tabbatar da rabon akwatin, kuma wannan ba ya cin ko sidi. Lambar da aka buga a jikin LT230 takan fara da 22D ga mai 1.410, da 28D ga mai 1.222; amma da yake tsohon akwati yana iya ɗauke da haƙoran da ba nasa ba, ƙirga ta fi lamba tabbaci. A kwance furofela biyu, a sa giyabos a firi, a kulle difaransha ta tsakiya a babban zango, a buɗe murfin baya a sa alli a giyar shiga, sannan a juya gangar birkin hannu sau 10: idan giyar shiga ta juya sau 14 akwatin Defender ne, idan sau 12 ne kuwa na Discovery ne. A wannan zama kuma a duba ko birkin hannun yana kamawa, tun da a jikin tiransifa yake, a duba matatar iska da ƙurar hunturu ke toshewa, a kuma duba ramukan sandar giyabos inda take shiga giyar tiransifa, domin nan ne sanannen wurin cinyewa a waɗannan motoci, abin da ya sa daga baya aka riƙa huda giyar don mai ya ratsa.

Idan ƙirga ta tabbatar da 1.222, hanya mafi sauƙi ita ce a koma ga tsohon akwatin, in ba a sayar da shi ga masu gwangwan ba, domin fita mai hannu zai iya ɗauke haƙoransa masu lafiya ya mayar cikin sabon, muddin an ɗauke su saiti guda ba a gauraya ba. In haƙoran sun mutu, sai a nemi musaya da mai 1.410 a garejin Tamale, ko a Suame Magazine ta Kumasi, ko Abossey Okai a Accra, a kuma ƙirga juyinsa a gaban mai sayarwa kafin a biya. Kafin nan motar za ta iya fitar da kakar doya idan direba ya zauna a giya ta huɗu har zuwa kilomita 80, ya kuma tashi da ogzilari a wuri mai wuya, wanda rabonsa 3.32 ne a akwatunan biyu, kuma ana iya amfani da shi a busasshiyar ƙasa matuƙar ba a kulle difaransha ta tsakiya ba. Kuɗin da ke hannu a ajiye shi don akwatin da ya dace da kuma farantin kuloci, wanda ƙaurin da aka ambata ya nuna cewa ya riga ya sha wuya.