Kalmar Ƙauli da Yadda Ake Amfani da Ita a Cikin Jimla

1.0 Gabatarwa

Hausa tana da kalmomi da dama da ke nufin abin da mutum ya furta, kamar magana da zance da batu da furuci. Akwai kuma wani rukuni na daban wanda ba a amfani da shi sai idan mai furucin yana da matsayin da zai sa a dogara da abin da ya faɗa. A cikin wannan rukuni ne ake samun ƙauli da nassi da fatawa da umarni. Wannan darasi zai dubi kalmar ƙauli, wato maganar masani wadda ake kafa hujja da ita, domin a ga irin jimlolin da take shiga da waɗanda ba ta shiga. An ɗauko yanayin misalan daga garin Illela na Jihar Sakkwato, wanda ke bakin iyakar Nijeriya da Nijar, 'yan kilomitoci kaɗan daga Birnin Ƙonni. Dalilin zaɓen garin shi ne karin harshen mutanensa yana warware wani ruɗani da ke tattare da kalmar, kamar yadda za a gani a sashe na ƙarshe.

2.0 Asali da Ƙirar Kalmar

Ƙauli ararriyar kalma ce daga Larabci, inda asalinta ke nufin faɗa ko magana kowace iri. Daga wannan tushe ne Hausa ta sami maƙala, da ƙila-wa-ƙala, da kuma ƙala ta cikin "ko ƙala bai ce ba". Masana da yawa suna ganin ita ma kalmar alƙawari, wadda Sakkwatawa ke furtawa alƙawali, daga nan ta fito, sai dai ta shigo tare da al- ta Larabci kamar yadda alƙali da alƙalami suka shigo. Da kalmar ta zauna a Hausa sai ma'anarta ta tsuke. Balarabe yana iya kiran maganar ƙaramin yaro da wannan suna, amma Bahaushe ba ya yi, domin a zauren karatu ya tsinci kalmar, a bakin malami mai fassara littattafan fiƙihu irin su Risala da Muhtasar.

Ta fuskar nahawu, ƙauli suna ne, jinsin namiji, tilo. Saboda haka dirkarsa ne ce, kuma yana ɗaukar ɗafin nasaba -n:

(1) Wannan ƙauli ne sananne.
(2) Ƙaulin Imamu Malik ne liman ya kawo.

Kalmar ba ta da jam'in da ya bazu a bakin jama'a. Mafi yawan masu magana sukan bi ta da adadi ne, su ce ƙauli biyu ko ƙauli uku. Sai dai akwai sigar ƙaulani, wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Larabci yana da siga ta musamman ta abu biyu, wadda Hausa ba ta da ita, kuma ƙaulani a can tana nufin ƙauli biyu daidai. Irin wannan aro ne ya ba Hausa metan (200) da alfyan (2,000). Shaihu Halil, mai littafin Muhtasar, ya bayyana a gabatarwarsa cewa inda duk ya ambaci ƙauli biyu ko fiye, to bai sami nassin da ya rinjayar da ɗaya a kan ɗaya ba ne. Almajirin da ya shekara yana jin wannan kalma a duk inda mas'ala ta ƙi yankuwa, ba abin mamaki ba ne ya fita da ita kasuwa da ma'anar saɓani. Shi ya sa a yau ake jin:

(3) Akwai ƙaulani a kan shekarar da aka kafa garin.
(4) Wannan magana ba ƙaulani a cikinta.

A jimla ta (3) ra'ayoyin suna iya kai huɗu ko biyar, ba wanda zai ce an yi kuskure. Adadin ya ɓace, shakkar ce ta saura.

3.0 Muhallan Kalmar a Cikin Jimla

Abu na farko da ɗalibi zai lura da shi shi ne ƙauli ba ya son zama ba mai shi. Ko dai a jingina shi ga wani ta hanyar nasaba, kamar a jimla ta (2), ko kuma a bi shi da sifar da ke nuna nauyinsa. Sifofin kuwa 'yan kaɗan ne, kuma kusan dukkansu na awo ne:

(5) Alƙali ya yi aiki da ƙauli mafi rinjaye.
(6) Wannan ƙauli mai rauni ne, ba a fatawa da shi.
(7) A ƙauli mashhuri, sallarsa ta yi.

Ana cewa magana mai daɗi, ko doguwar magana, ko maganar banza. Amma a gwada waɗannan, inda alamar tauraro ke nuna jimlar da kunnen Bahaushe ba ya karɓa:

(8) *Ya yi mana ƙauli mai daɗi.
(9) *Suna zaune suna ƙauli a bakin kasuwa.

Laifin jimla ta (8) da ta (9) ba na ginin jimla ba ne, domin kowace kalma tana mazauninta. Laifin na ma'ana ne. Ƙauli ba aiki ba ne da ake yi kamar hira, abu ne da aka riga aka faɗa, aka adana, ake ɗaukowa. Aikatan da ke karɓarsa sun tabbatar da haka: ana kawo ƙauli, a riƙe shi, a bi shi, a rinjayar da shi, a raunana shi, a bar shi, ko a yi aiki da shi. Idan kuma ya zo a matsayin aikau, sai a ji ƙaulin ya nuna, ya inganta, ko ya saɓa wa wani.

Muhalli na uku shi ne wanda ya fi yawa a rubuce-rubucen zamani, wato inda kalmar ke zuwa a farkon jimla bayan a, tare da mafayyaci wani. A nan akwai bambancin da ɗalibai kan yi sakaci da shi:

(10) A wani ƙauli, matafiyi yana iya haɗa sallolin.
(11) A wani ƙaulin kuma, ba ya haɗawa sai da uzuri.

Jimla ta (10) tana gabatar da ra'ayi ne a karo na farko. Madanganci -n da ke jimla ta (11) yana nuna an riga an ambaci wani, wannan na daban ne, kamar yadda wani yaro ya bambanta da wani yaron. Kuskure ne a buɗe sakin layi da "a wani ƙaulin" alhali ba a kawo na farko ba.

Wannan siga ce 'yan jarida suka ara, kuma a hannunsu ta yi sako-sako. Akan karanta cewa mutum biyar ne suka rasu a haɗarin mota, a wani ƙaulin kuma mutum tara. A nan babu malami, babu littafi, babu wanda za a koma wa a tambaya. Abin da marubucin yake nufi shi ne "an ce", amma ya sa wa jita-jita rawanin malamai. Ba za a ce jimlar ta karya ƙa'idar nahawu ba, tun da ta bazu kuma ana fahimtarta, amma malamin da ke gyaran insha'i yana da haƙƙin ya rubuta a gefen takarda: ƙaulin wa? Ɗalibin da ya kasa amsa wannan tambaya, "wata majiya ta ce" ya kamata ya rubuta.

4.0 Ƙauli da Maƙwabtansa

Rayuwar bakin iyaka tana nuna bambancin waɗannan kalmomi a fili. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin Nijeriya na tudu, kuma iyakar Illela tana cikin huɗun farko da aka buɗe a watan Disamba na 2020. Mai ba da wannan labari zai ce:

(12) Gwamnati ta ba da umarnin rufe iyaka.
(13) *Gwamnati ta kawo ƙaulin rufe iyaka.

Umarni yana fitowa daga mai iko, ƙauli kuwa daga mai ilimi. Ba a cewa umarni mai rauni ko umarni mafi rinjaye, domin ba a ba ɗan kasuwa zaɓi tsakanin umarni biyu ba. Ana bin umarni ko a karya shi. Ƙauli kuwa ana iya barinsa a ɗauki wani ba tare da an yi laifi ba.

Ganin wata ya fi wannan fito da al'amarin. A Nijeriya Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne ke sanar da ganin watan Ramalana da na Shawwal, a Nijar kuwa daga Yamai sanarwa ke fitowa. A wasu shekaru ranakun sukan saɓa, har a wayi gari ana Salla a Ƙonni alhali ana azumi a Illela, ga kuwa 'yan'uwa da surukai a kowane ɓangare. Dubi yadda kalmomi huɗu za su iya haɗuwa a bayanin wannan yanayi:

(14) Nassi ya zo cewa a yi azumi da ganin wata.
(15) Malamai suna da ƙaulani a kan ko ganin wata ƙasa yana hawa kan mutanen wata.
(16) Wani fatake ya nemi fatawa a kan ranar da zai sha ruwa.
(17) Sarkin Musulmi ya ba da sanarwar ganin wata.

Nassi shi ne lafazin Alƙur'ani ko Hadisi, ba a jingina shi ga malami. Ƙauli fahimtar malami ce, shi ya sa yake iya zama biyu. Fatawa kuwa, wadda take jinsin mace ce, jam'inta fatawoyi, amsa ce ga tambayar wani mutum a kan halin da yake ciki, don haka ake nemanta, a ba da ita. Ba a neman ƙauli, sai dai a bincika shi. Wanda ya musanya nassi da ƙauli a jimla ta (15) ya mayar da ra'ayin da ake iya saɓa wa abin da ba a jayayya da shi, kuma a gari irin Illela wannan ya isa ya sa ɗalibi ya koma gida yana ganin kawunsa na ƙetaren iyaka ya saɓa wa addini. Malamin Hausa ba mai ba da fatawa ba ne, amma kalmar da ya zaɓa a kan allo tana bin yara har gida.

5.0 Ƙauli da Ba'adi: Tasirin Karin Harshe

Akwai wata magana da ake yawan ji, musamman a Kano da Zariya da kuma jaridu:

(18) An daɗe ana ƙauli da ba'adi a kan filin.

Ma'anarta ita ce kai-kawo da jayayya. Ɗalibai da yawa suna ɗauka ƙaulin da ke nan shi ne wanda ake magana a kansa, tun da jayayya da baki ake yin ta. Ba shi ba ne. Asalin wannan ƙabli ne, wato kafin, abokin ba'adi, wato bayan. Sunayen sujadar rafkanuwa ne a salla: a mazhabar Malikiyya wanda ya rage wani abu yakan yi ƙabli kafin sallama, wanda ya yi ƙari kuma ya yi ba'adi bayanta. Daga wannan gaba da baya ne aka sami ma'anar kai-kawo.

Abin da ya haɗa kalmomin biyu sauyin sauti ne wanda Bajamushen nan August Klingenheben ya bayyana a 1928, har ake kiran dokar da sunansa. Wani ɓangare nata yana cewa a karin harshen gabas, baƙaƙen leɓe kamar b da m sukan koma w idan suka zo a ƙarshen gaɓa. Karin harshen yamma bai bi wannan sauyi ba. Shi ya sa Basakkwace ke cewa sabka da abduga da zamna da amre, inda Bakano ke cewa sauka da auduga da zauna da aure. Ta wannan hanya ƙabli ya zama ƙauli a bakin mutanen gabas, ya yi kama da ɗayar kalmar a furuci da rubutu. Dattijon Illela ko na Ƙonni wanda ke riƙe da karin harshensa ba ya cikin wannan ruɗani, domin b ɗinsa tana nan:

(19) Liman ya yi ƙabli.
(20) Wanga ƙaulin Maliku na, shi anka ɗauka.

A jimla ta (20) za a ga wasu siffofin Sakkwatanci: wanga a madadin wannan, dirka na a madadin ne, da anka a madadin aka. Haka kuma fatawar malam takan zama hwatawam malam. An saba ɗaukar irin waɗannan siffofi a matsayin abin da malami zai goge da jan biro, kuma gaskiya ne cewa Daidaitacciyar Hausa ake buƙata a jarrabawa. Amma a wannan gaɓa yaron Illela ya zo aji da bambancin da yaron Kano sai an koya masa. Hanya mafi sauƙi ta koyar da darasin a irin wannan aji ita ce malami ya rubuta jimla ta (18) a allo, ya nemi ɗalibai su faɗe ta yadda kakanninsu ke faɗa, sannan ya tambaye su inda b ɗin ta tafi.

6.0 Aikin Ɗalibi

(a) A samo jimloli biyar daga jarida ko labaran rediyo masu ɗauke da "a wani ƙaulin". A kowace a nuna ko an ambaci mai ƙaulin, sannan a sake rubuta waɗanda ba a ambata ba da kalmar da ta fi dacewa.

(b) A bayyana dalilin da ya sa ake cewa "ya nemi fatawa" amma ba a cewa "ya nemi ƙauli".

(c) A lokacin koyarwar gwaji, a tattara kalmomi goma daga bakin ɗalibai waɗanda ke da b ko m a ƙarshen gaɓa inda Daidaitacciyar Hausa ke da u, a rubuta garin da kowane ɗalibi ya fito.