Kyanwa a Gida: Halinta da Hakkinta

Da wuya ka ratsa unguwa, birni ko ƙauye, ba ka hangi kyanwa a bisa katanga ba. Wasu su ce mage, wasu kuliya, a wasu wurare mussa, namijin kuwa muzuru. Mun saba da ita har ta shiga bakinmu. Mutumin da ba ya cutar kowa sai mu kira shi kyanwar Lami, ba ta cizo ba ta yakushi. Amma duk da wannan sabo, yawancin masu ita ba su san halinta ba, suna ɗaukar ta tamkar tarkon ɓera mai ƙafa huɗu, wanda ba ya bukatar ci balle magani.

Zamanta da ɗan Adam ya daɗe. Masana sun ce asalinta kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya ce, wadda ta biyo ɓera zuwa rumbunan manoman farko, suka ga amfaninta suka bar ta. A tsibirin Saifurus an tono kabarin da ya kai shekara 9,500, an tarar da mutum da kyanwa binne wuri ɗaya. Mu kuma a addini mun san ruwayar Bukhari da Muslim ta matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an nuna ba najasa ba ce. Sahabi Abu Huraira ma daga 'yar kyanwa ya sami laƙabinsa.

To, abin da ya fi muhimmanci ka gane shi ne kyanwa tana magana, sai dai da jikinta take yi. In ta nufo ka wutsiya a miƙe sama, gaisuwa ce. In ta goga maka kumatu a ƙafa, wani ƙamshi nata take shafa maka wanda hancinka ba ya ji, ta sa ka cikin nata ke nan. In ta dube ka tana lumshe ido a hankali, ta amince da kai. Amma da zarar ka ga wutsiya tana kaɗawa da ƙarfi, kunnuwa sun kwanta baya, ɗauke hannunka. A nan yara suke shan yakushi, domin sun ga kare yana kaɗa wutsiya don murna, sun zaci ita ma haka ne. Kuma in ta kwanta ta buɗe ciki, kada ka yi saurin kai hannu. Ba a banza aka yi mata kirari da mai kwanciyar ɗaukar rai ba.

Ɗan rurin nan mai laushi da take yi a maƙogwaro galibi na jin daɗi ne, ko da yake takan yi shi in tana jin ciwo ko tana naƙuda. Barcinta kuwa ya kai awa 12 zuwa 16 a yini. Kada ka ce ragwanci ne, lokacin farautarta asuba ne da magariba. Kartar tabarma ko kujera ma ɗabi'a ce, da ita take gyara farce tana barin alama. Duka ba ya hana ta, tsoronka kawai zai koya mata. Ajiye mata guntun icce mai kaushi kusa da inda ta saba karta.

Bari in taɓa wani abu da ke jawo mata jifa. Kukan nan na tsakar dare mai kama da na jariri, wanda wasu ke cewa na aljanu ne ko na mayu, kukan neman barbara ne kurum, ko kuwa muzurai biyu ne ke faɗa a kan mace. Baƙar kyanwa ma launi ne Allah ya ba ta, kamar yadda ya ba baƙar akuya.

Sai batun abinci, inda aka fi yin kuskure. Kyanwa maciyar nama ce, jikinta ba ya wadatuwa da tuwo da ragowar shinkafa. Akwai wani sinadari a nama da kifi, ana kiransa taurin, in ta daɗe ba ta samu ba idonta yakan mutu, zuciyarta ta raunana. Ba sai ka sayi abincin gwangwani ba. Ɗan kifi dafaffe da aka cire wa ƙaya, kayan cikin kaza, dafaffen ƙwai, duk suna yi. Masu cewa in an ciyar da ita za ta daina kamun ɓera sun yi kuskure. Farauta a jininta take, ƙosasshiya ma tana yi, kuma mai yunwa ce ta fi faɗa wa 'yan tsakin maƙwabta. Aikinta na kamun ɓera ba ƙarami ba ne, tun da ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau.

Madara tana sa yawancin manyan kyanwoyi zawo, ruwa mai tsabta ya ishe su. Albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini, don haka a kula da ragowar miya. Kada ka kuskura ka ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka maganin ƙuma da aka yi don kare, da fiya-fiya, da ɓeran da ya ci guba.

Wajen tsabta ba ta da wahala. Zuba yashi a tsohuwar roba, ka ajiye nesa da kwanon abincinta, da kanta za ta je ta binne kashinta. A kwashe kullum a wanke hannu, amma mace mai ciki ta bar wa wani wannan aiki, domin akwai ƙwayar cuta a kashin da kan taɓa ɗan tayi.

Kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce. In ta ƙi abinci yini guda cur, ko ta laɓe a lungu, ko muzuru yana ta yunƙurin fitsari ba ya fita, sai asibitin dabbobi ba da jinkiri ba. Da ta kai wata 3 a yi mata allurar rigakafin haukan kare, domin ita ma tana ɗauka tana kuma bayarwa, a riƙa ba ta maganin tsutsar ciki yadda likita ya tsara. In kyanwar da ba a sani ba ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti ran nan.

Haihuwarta ce ke gajiyar da masu gida. Tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, cikin ya yi kwana 63 zuwa 65, ta kuma iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. Daga nan sai ka ga an zuba 'ya'yan a buhu an kai juji tun idonsu bai buɗe ba. Wannan zalunci ne, kuma akwai mafita. Likitan dabbobi yana yi wa muzuru dandaƙa, mace kuma a yi mata aikin tsayar da haihuwa, yawon dare da faɗa su ragu. 'Ya'yan da aka riga aka haifa kuwa, a bar su wurin uwarsu har sati 8 aƙalla, su koyi cin abinci da shiga yashi, sannan a raba wa masu so.