Tsinuwar Gaban Talabijin: Shin Mala'iku Ba Sa Rubuta Ta?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (SWT), tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. 

Darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wani abu da ya faru a gidan wata maƙwabciyata. Muna zaune da daddare ana kallon wasan kwaikwayo, sai aka nuno wata da ke ƙulla wa kishiyarta sharri. Kafin kowa ya yi magana, sai 'yar gidan, yarinya 'yar shekara biyar, ta nuna talabijin ta ce, "Allah Ya tsine miki albarka!" Aka kwashe da dariya. Ni dai jikina ya yi sanyi, domin yarinyar nan ba a makarantar Islamiyya ta koyo wannan kalma ba, a bakinmu ta ji ta.

Kallon wasan kwaikwayo ba sabon abu ba ne a gidajenmu. Iyayenmu sun kalli Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, sun yi dariya sun tashi. Amma tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, aka shiga zamanin shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa, da Kwana Casa'in a 2019, da Labarina a 2020, sai al'amarin ya sauya. Mace za ta shekara tana bin labarin mutum ɗaya mako-mako, har ta ji shi kamar ɗan ɗakinsu. Waɗanda suka bi Labarina za su tuna yadda aka rabu gida-gida a kan wanda ya dace da Sumayya, da irin ce-ce-ku-cen da aka yi lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin aka bai wa Fati Washa matsayinta. A gidan biki, a gidan suna, har a hanyar dawowa daga ta'alimi, zancen kenan.

To ina matsalar take? Mu duba abubuwa uku.

Na farko, tsinuwa. Imam Muslim ya ruwaito daga Imrana ɗan Husaini (RA) cewa a wata tafiya wata mata daga cikin Ansar ta gaji da taguwarta sai ta tsine mata. Da Manzon Allah (SAW) ya ji, sai ya yi umarni a sauke kayan da ke kanta a sake ta. Ki duba fa 'yar'uwa, dabba ce aka tsine wa, amma ba a ɗauki maganar da wasa ba. Haka kuma Abu Dawuda ya ruwaito daga Abud Darda'i (RA) cewa tsinuwa idan ta fita tana neman wurin sauka, in wanda aka yi wa bai cancanta ba sai ta komo kan mai ita. Yanzu ke da kika tsine wa muguwar cikin fim, wa kika tsine wa? Ita muguwar babu ta a duniya, marubuci ne ya ƙirƙire ta a takarda. Wadda ke nan da ranta ita ce 'yar wasan, Musulma mai iyaye da dangi, wadda aikin da aka ba ta kawai ta yi. Kada mu manta, a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, yawan tsinuwa na daga cikin abin da Manzon Allah (SAW) ya ja kunnen mata a kai ranar Idi.

Na biyu, haɗa ɗan wasa da rawar da ya taka. Sani Mu'azu ya fito a matsayin Gwamna Bawa Maikada a Kwana Casa'in, amma ita kanta jihar Alfawa da ya mulka babu ta a taswirar Nijeriya, balle a ce halin gwamnan halinsa ne. Sau da yawa za ki ji ana cewa, "Ai wance ba wasa take ba, daga ganin idonta haka take a gida." Daga nan sai a tsallaka zuwa aurenta da mutuwar aurenta da abin da aka ce an ce. Nan an bar sharhin fim, an shiga cin naman mutum. Aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana mu yawan zato da bin diddigi da giba, kuma ba ta cire 'yan fim ba. Idan abin da aka faɗa gaskiya ne giba ce, idan ƙarya ne ƙazafi ne. Rubuta shi a WhatsApp ko Facebook bai rage masa nauyi ba, sai ma ƙara masa shaidu.

Na uku, kuma shi ya fi ba ni tsoro, shigo da fushin fim cikin gida. Mu sani cewa masu shirya wasa da gangan suke zafafa mugunta, su sa kiɗa mai tayar da hankali, su yanke shirin a daidai inda zuciya ta rataya domin a dawo mako mai zuwa. Sana'arsu ce. Amma ke kin kwana da abin a rai, gari na wayewa abokiyar zamanki ta aiko miki da kunu, sai ki tsaya kina juya shi da ludayi kina tuna abin da aka zuba wa wata jiya. Uwar miji ta yi miki gyara, sai ki ga fuskar waccan ta talabijin. Zaman shekara goma sai ya fara tsami a kan labarin da wani ya zauna ya tsara.

Mene ne mafita? Ba cewa muke kada a yi sharhi ba. Ki ce wannan hali bai dace ba, ko marubucin ya yi kuskure a nan, duk babu laifi. Ki soki hali, ki bar mutum. Idan abin ya ba ki haushi, ki saba wa bakinki da "Allah Ya shirya" ko "Allah Ya tsare mu". Idan hira ta karkata zuwa sirrin 'yar wasa, ki juya akalar zancen ko ki tashi. Idan da yara a wurin, ki tambaye su me wannan ta yi da ba daidai ba, kuma me addini ya ce a kai, sai kallon ya zama makaranta. Sannan ki auna kanki: idan mutuwar wani a fim ta hana ki barci amma Sallar Isha'i ta wuce ba ki damu ba, to zuciya na neman magani.

Aya ta 18 a Suratu Ƙaf ta sanar da mu cewa duk kalmar da ta fita daga baki akwai mai tsaro da ke shirye ya rubuta ta. Wasan dai na kwaikwayo ne, amma rubutun mala'iku na gaske ne. Wadda ta san ta yi a baya, ƙofar tuba a buɗe take, ta yi istigfari, ta yi wa waɗanda ta zaga addu'ar alheri.

Allah Ya tsare mana harsunanmu, Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya shirya mana zuri'a, amin.