Gidan Sens na Birnin Paris: Tarihinsa da Fasalin Gininsa

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan nazari ita ce a nuna yadda tsohon gida kan tsira daga rushewa idan aka samar masa aikin yi. Misalin da za a duba shi ne Gidan Sens, wanda ke unguwar Marais, kusa da kogin Seine a birnin Paris.

Tarihin Gidan

Tristan de Salazar, babban limamin kirista na garin Sens, shi ya sa aka gina gidan, aka kammala shi wajen 1519. A zamanin nan cocin Paris na ƙarƙashin Sens, saboda haka dole limamin ya sami masauki a birni. Da aka ba Paris nata babban limami a 1622, sai masu gidan suka rage zuwa, aka shiga ba da shi haya. Ya zama tashar kekunan doki, daga baya har ma'aikatar dafa 'ya'yan itatuwa da sukari aka yi a cikinsa. Hukumar birni ta saye shi a 1911, ya riga ya lalace ƙwarai.

Fasalin Gini

Da dutse aka gina shi, kuma rabinsa gida ne, rabinsa ganuwa. Ƙofofi biyu gare shi a gaba, babba ta karusa da ƙarama ta masu tafiya a ƙasa, kowace da baka mai tsini. A kusurwoyi akwai 'yan hasumiyoyi masu rufi kamar malafa, watau wuraren tsinkayo mai zuwa. Har yanzu akwai harsashin igwa maƙale a bango, an rubuta 28 ga Yuli, 1830 a jikin dutsen, lokacin boren da ya tumɓuke Sarki Charles na Goma.

Zamansa Laburare

A 1961, bayan dogon gyara, aka mayar da Laburaren Forney cikinsa. An kafa wannan laburare tun 1886 da dukiyar wasiyyar wani attajiri, domin masu sana'ar hannu su riƙa aron littattafai da zane-zane.

Kammalawa

Sai dai gyaran ya bar muhawara, domin sassa da dama sabon gini ne da aka kwaikwayi na da. Duk da haka, da an bar shi kango, da ba a sami abin yin muhawarar a kansa ba. Masu karatu ne suka riƙe gidan da masu sarauta suka saki.