Asusun Baibai: Yadda Ake Cin Riba Idan Takardun Lamunin Gwamnati Sun Faɗi, da Haɗarin da Ke Ciki

Tun da manhajojin waya irin su Bamboo da Trove suka buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar sayen hannun jari a kasuwannin Amurka, matasa da yawa sun fara cin karo da wasu kayayyakin kasuwa da ba su saba ji ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne asusun da farashinsa ke hawa a ranar da takardun lamunin gwamnatin Amurka suka faɗi, ya kuma sauka a ranar da suka tashi. Tunda a baibai yake tafiya, a wannan darasi za a kira shi asusun baibai.

Abin da darasin zai nuna shi ne, mutum yana iya hasashen inda kasuwa za ta nufa daidai, amma duk da haka ya yi asara a wannan asusu, saboda yadda aka tsara lissafinsa.

Mece ce takardar lamuni?

Idan gwamnati na neman bashi, sai ta fitar da takarda ta sayar. Wanda ya saya ya ranta mata kuɗi ke nan, za ta riƙa biyan sa kuɗin ruwa a kai a kai, sannan ta mayar masa da uwar kuɗinsa idan wa'adi ya cika. Baitulmalin Amurka na fitar da irin waɗannan takardu masu wa'adi daga 'yan makonni har zuwa shekara 30. Mai takarda ba dole ne ya jira wa'adi ba, yana iya sayar da ita a kasuwa ko yaushe, a kan farashin da ta kama a ranar.

Ƙa'idar farashin ita ce: idan kuɗin ruwa ya hau, farashin tsofaffin takardu sai ya sauka. A ɗauka akwai takardar dala 1,000 da ke biyan kashi 2 cikin 100, wato dala 20 a shekara. Sai gwamnati ta fito da sabuwa mai biyan kashi 4, wato dala 40. Babu mai sayen tsohuwar a dala 1,000 alhali ga sabuwa, dole mai ita ya yi rangwame. Idan shekara 2 ta rage wa tsohuwar, farashinta zai sauko zuwa wajen dala 962. Idan kuwa shekara 20 ta rage mata, zai sauko zuwa wajen dala 728. Wannan ne ya sa masu son cin ribar faɗuwa suka fi sa ido kan takardu masu dogon wa'adi.

Mene ne ETF, kuma ina na baibai ya bambanta?

ETF asusu ne da ke tattara kuɗin jama'a ya sayi wasu kadarori, sannan a riƙa saye da sayar da hannun jarinsa a kasuwa kamar na kowane kamfani. Misali, asusun TLT na kamfanin BlackRock, wanda aka buɗe a 2002, yana riƙe da takardun lamunin Amurka da wa'adinsu ya haura shekara 20. Idan sun tashi ya tashi, idan sun faɗi ya faɗi.

Asusun baibai kuwa ba riƙe takardun ne aikinsa ba. Yarjejeniya yake ƙullawa da manyan bankuna: idan farashin takardun ya faɗi banki ya biya shi, idan ya tashi shi ya biya banki. Sanannu daga cikinsu su ne:

1. TBF na kamfanin ProShares, wanda aka buɗe a 2009. Idan takardun suka faɗi da kashi 1 a rana, yana neman ya hau da kashi 1.
2. TBT na ProShares, wanda aka buɗe a 2008. Ninki biyu yake yi: faɗuwar kashi 1 ta zame masa hawan kashi 2.
3. TMV na kamfanin Direxion, wanda aka buɗe a 2009. Shi ninki uku yake yi.

Ninkin nan kaifi biyu ne. Ranar da takardun suka tashi da kashi 1, mai TMV kashi 3 zai rasa.

Kalmar da aka fi mantawa: a rana

Alƙawarin da waɗannan asusai suka yi na kwana ɗaya ne tak. Kowace yamma masu gudanar da asusun suna sake daidaita yarjejeniyoyinsu, don gobe a fara lissafi daga kuɗin da ya rage yau. Duk wanda ya taɓa rubuta firogiram ya san irin wannan zagaye, inda sakamakon yau yake zama abin da za a shigar gobe, ba a komawa lambar farko.

Ga misali da manyan lambobi don abin ya fito fili. Farashin takardu na 100, ya hau zuwa 110 ranar Litinin, ya dawo 100 ranar Talata. Hawan kashi 10 ne, saukar kuwa kashi 9.09. Takardun sun koma inda suke. Asusun baibai fa?

- Mai ninki ɗaya: daga 100 zuwa 90, sannan 98.2.
- Mai ninki biyu: daga 100 zuwa 80, sannan 94.5.
- Mai ninki uku: daga 100 zuwa 70, sannan 89.1.

Kasuwa ba ta je ko'ina ba, amma mai ninki uku ya rasa kusan kashi 11. Dalili kuwa, ribar Talata a kan 70 aka lissafa ta, ba a kan 100 ba.

Da wuya takardun gwamnati su motsa kashi 10 a rana, don haka a gwada da ƙaramar lamba. Idan farashi na kai-komo tsakanin 100 da 102 kullum, mai ninki uku zai riƙa rasa kusan rabin kashi ɗaya duk kwana biyu. Ba ya ko jin zafi da farko. Amma bayan kwanakin kasuwa 100, dala 100 ta koma kimanin 79. Mai karatu na iya tabbatar da wannan da kansa a Excel ko Google Sheets: layi ɗaya na farashin takardu, layi na biyu na canjin kowace rana, na uku kuma kuɗin jiya a ninka shi da sakamakon yau.

Wannan lissafin kan yi wa mutum rana idan farashi ya miƙe hanya ɗaya yana ta faɗuwa, domin riba za ta riƙa hawa kan riba. Kai-komo ne ke cinye kuɗin, kuma kasuwa ta fi yawan kai-komo a kan miƙewa. Tun a 2009 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jarin Amurka da hukumar FINRA mai sa ido kan dillalai suka gargaɗi jama'a cewa irin waɗannan asusai ba don a saya a ajiye aka yi su ba.

Shekarar da aka ci, da shekarar da aka sha kaye

A 2022 masu asusun baibai sun dara. Hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 a watan Yuni, Babban Bankin ƙasar kuma ya fara ƙara kuɗin ruwa daga kusan sifili a watan Maris, bai tsaya ba sai da ya kai tsakanin kashi 5.25 da 5.5 a Yulin 2023. TLT ya faɗi da kimanin kashi 31 a 2022, TBT kuwa ya kusa ninka kansa. Irin wannan hoton ne ake yawo da shi a shafukan sada zumunta.

Wanda ba a cika nunawa ba shi ne na 2011. A farkon shekarar, Bill Gross, wanda ke jagorantar asusun takardun lamuni mafi girma a duniya a lokacin a kamfanin PIMCO, ya sayar da takardun gwamnatin Amurka da ke hannun asusun bisa hasashen za su faɗi. A ranar 5 ga Agusta kamfanin S&P ya rage darajar bashin Amurka, abin da a zahiri ya kamata ya gaskata shi. Sai akasin haka ya faru. Masu kuɗi suka tsorata da hannun jari da kuma rikicin bashin ƙasashen Turai, suka ruga sayen takardun Amurka, farashinsu ya yi sama. Gross ya amsa cewa ya yi kuskure, TBT kuma ya rasa kusan rabin darajarsa a shekarar.

A Japan abin ya fi haka daɗewa. Shekara da shekaru 'yan kasuwa na cewa bashin gwamnatin ƙasar ya yi yawa, dole takardunta su faɗi. Babban Bankin Japan ya yi ta saye yana tare farashin, har aka yi wa wannan ciniki laƙabi da mai mayar da matan aure zawarawa, saboda yawan waɗanda ya karya. Hujjarsu ba ta rasa ma'ana ba, kuɗinsu ne ya ƙare kafin lokacin da suke jira ya zo.

Sauran abubuwan da ke zaftare kuɗi

Na farko, ladan gudanarwa. Asusan baibai na karɓar kusan kashi 1 cikin 100 a shekara, alhali TLT kashi 0.15 yake karɓa.

Na biyu, kuɗin ruwan takardun. Wanda ya tsaya a ɓangaren faɗuwa, a kansa ake lissafa kuɗin ruwan da takardun ke biya. Asusun na samun wani abu daga tsabar kuɗin da ya ajiye, amma idan abin da yake samu bai kai wanda ake lissafa masa ba, kullum ana gutsurar sa ko da farashi bai motsa ba.

Na uku, ga mai saye daga Najeriya ko Nijar, akwai canjin kuɗi. Da dala ake cinikin, don haka akwai kuɗin canji a shiga da fita, ga kuma motsin darajar Naira ko Sefa.

Batun halasci

Masu karatu da dama za su tambayi matsayin wannan ciniki a Musulunci. Malaman da suka ƙware a harkar kuɗi na ɗaukar kuɗin ruwan takardun lamuni a matsayin riba da shari'a ta haramta, suna kuma hana sayar da abin da mutum bai mallaka ba da cinikin da ya ginu kan caca da farashi. Asusun baibai ya taɓo duka ukun. Don kauce wa matsalar kuɗin ruwa ne aka samar da Sukuk, wanda Ofishin Kula da Basussuka na Najeriya ya fara fitarwa a 2017 da Naira biliyan 100 domin aikin hanyoyi. Wanda abin ya dame shi, ya nemi malami masani kafin ya sa kuɗinsa.

Kammalawa

Asusun baibai kayan aiki ne na ƙwararru, waɗanda ke amfani da shi na 'yan kwanaki don kare wasu kadarorinsu, suna kuma duba shi kullum. Kafin mutum ya latsa maɓallin saye a manhaja, ya amsa tambayoyi uku: ninki nawa asusun yake yi, kwana nawa zai riƙe shi, kuma asarar nawa zai iya ɗauka kafin ya fita? Idan babu amsa, cinikin biri a sama ake shirin yi. Gara ya fara gwada lissafin a kwamfuta da kuɗin wasa, ya ga yadda 100 ke komawa 79, tun kafin ya gani a asusunsa.