Yadda Ake Wasan Ɓoyon Taska a Fadamar Auyo

A farkon watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina dagula saƙon taurarin GPS, abin da take yi da gangan don kada farar hula su samu daidaito irin na soja. Dare ɗaya kuskuren na'ura ya sauko daga wajen mita 100 zuwa ƙasa da 20. Ranar 3 ga watan wani mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a dajin Beavercreek da ke jihar Oregon, ya zuba tarkace a ciki tare da littafin sa hannu, ya saka lambobin wurin a intanet, ya ce mai iyawa ya nemo. Aka kuwa nemo. Yau shafin Geocaching.com na ɗauke da irin wannan ajiya fiye da miliyan 3 a duniya. Wasan bai yaɗu a ƙasar Hausa ba, alhali kayan aikinsa, wato waya mai GPS, na aljihun samarinmu. Sai dai mai son yin sa a Auyo dole ya yi lissafi da abu biyu da littafin ƙa'idar wasan ba zai koya masa ba: ruwan kogin Haɗeja, da idon jama'a.

Da zaɓen wuri ake farawa, ba da mazubi ba. Ka zaɓi inda kai kanka za ka so kai baƙo: gindin kanyar da ake hango shinkafa iya ganin ido, ko tudun da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai suke sauka kusa da shi da hunturu. Sannan ka dubi jikin bishiyar da kyau. Ambaliyar bara takan bar tabo, da busasshiyar ciyawa maƙale a rassa. Duk abin da za ka ajiye ya kasance sama da wannan shaida da kamu biyu ko uku. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi a Auyo a 2020 da 2022 ya san cewa idan damina ta yi ƙarfi, aka kuma saki ruwan Tiga da Challawa, filin da ke busasshe ƙarau a Janairu sai da kwalekwale a Satumba. Bakin ciyawar kachala kuwa a bar shi gaba ɗaya. Tana cinye hanya, ana kuma banka mata wuta da rani.

Kafin ka ɗaure komai, je wurin mai gona, daga nan wurin mai unguwa. A ganina nan ne wasan yake tsayawa ko ya rushe. A ƙasarmu, mutumin da aka gani yana zagaya bishiya yana cusa wani ƙulli a ɓoye, ba wasa za a ce yana yi ba. Wani zai ce asiri ne, wani ya tuna shekarun tashin bama-bamai. Dukansu suna da hujja. Don haka ka kai robar da za ka ajiye a buɗe, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ke ciki, ga kuma inda nake so in rataye shi." Ka nuna wa yaran da ke kiwo a wurin su ma, don ko ba ka nuna ba sun riga sun gani, kuma yaron da aka ba amana ya fi wanda aka ɓoye wa riƙe ta. A nisanci masallaci, makaranta, maƙabarta, ofishin 'yan sanda, da ƙofofin madatsar ruwan aikin noman rani. Dajin Baturiya wuri ne mai kariya, sai da izinin jami'ansa.

Sai mazubi. Roba mai murfin murɗawa, wadda ba a taɓa zuba abinci a ciki ba, don ɓera da akuya ba sa yafe ƙamshi. A ciki a sa ɗan littafi cikin leda, da fensir, domin biro bushewa yake da zafin bazara. A ƙara ƙananan kayan musaya: maɓalli, zobe, tsohon kwabo. Ban da abinci, magani, ashana ko wuƙa. A jikin robar a rubuta da Hausa, boko da ajami, cewa kayan wasa ne, an ajiye da izini. Ba a binnewa, ƙa'idar wasan ta hana tono, gara ma ta hana. Ba a kafa wa bishiya ƙusa, da igiya ake ɗaurewa, a ɓangaren inuwa, don rana na tsattsaga roba. Kada a sa a kogon kuka ko ƙarƙashin tarin itace. Mai nema hannu zai zura, can kuma mazaunin kunama ne da kububuwa da zuma.

Ɗaukar lambobin wuri na son haƙuri. Tsaya daidai wurin, ka bar wayar ta natsu minti biyu, ka rubuta. Yi nisa, ka dawo ta wata fuska, ka sake. Yi haka sau da yawa, ka ɗauki tsaka-tsaki. Lambobin Auyo za su fara da digiri 12 arewa, da digiri 9 gabas dab da cika 10, kuma lamba ɗaya a can ƙarshen jerin kusan mita 2 ce a ƙasa, saboda haka kuskuren rubutu ɗaya a tsakiyar jeri ya isa ya jefa mutum cikin kogi. Daga nan ka cike bayani a shafin: wahalar ganowa da wahalar hanya, kowanne daga 1 zuwa 5, da ɗan hannunka-mai-sanda. Wani ɗan sa-kai zai duba kafin a fitar, ciki har da tabbatar da cewa akwai tazarar mita 161 tsakaninka da ajiyar wani.

Nema ya fi sauƙin faɗa. Ka sauke taswira tun kana gari, don sabis kan ɗauke a fadama. Ka tafi da ruwa, takalmi rufaffe da sanda, ku biyu in da hali. Bi gefen kunya, kada kibiyar waya ta sa ka keta shukar mutane. Wanda ka tarar a gona ka yi masa sallama da sannu da aiki, ka faɗi abin da ya kawo ka. In waya ta ce saura mita 10, mayar da ita aljihu, aikinta ya ƙare. Ɗaga kai ka tambayi kanka: da ni ne, ina zan ɗaure? Sanda ta riga hannu taɓa ko'ina. Ka samu, ka sa suna da kwanan wata, in ka ɗauki abu ka ajiye kwatankwacinsa ko wanda ya fi, ka mayar yadda ka tarar. In ba ka samu ba, ka rubuta hakan a shafin ba kunya, da shi mai ajiya ke gane cewa kayansa sun ɓata.

Mai ajiya kuma bai gama ba. Da ruwa ya fara cika gulbi wajen Yuli, ya je ya kwance robarsa, ya dakatar da ita a shafin, kada wani ya shiga ruwa saboda ita. Bayan kaka, hanya ta bushe, sai ya sake duba tabon bana a jikin bishiyar kafin ya mayar.