Me ya sa jirgin Abuja zuwa Kaduna ke makara, kuma me ya kamata fasinja ya yi?

Duk wanda ya saba bin jirgin ƙasa tsakanin tashar Idu ta Abuja da tashar Rigasa ta Kaduna ya san ƙorafin da ake yi a cikin tarago: tafiyar da aka san ta da awa biyu da 'yan mintoci yanzu takan ja fiye da haka, jirgi ya yi ta rarrafe a wasu wurare, ko ya tsaya cak a ƙaramar tasha ba a sauke kowa ba, ba a ɗauki kowa ba. Nan da nan sai a ce kan jirgin ya lalace. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa matsalar tana ƙarƙashin jirgin, a jikin layin dogon kansa.

An buɗe wannan layi a watan Yulin 2016, tsawonsa kilomita 186. Abin da fasinjoji da yawa ba su lura da shi ba shi ne layi ɗaya ne tak, ba irin na Legas zuwa Ibadan ba, mai na zuwa da na dawowa. Jirgin da ya taso daga Kaduna da wanda ya taso daga Abuja ba za su iya wuce juna ba sai a tashar da aka yi wa reshe, inda ɗaya zai raɓe ya jira ɗayan. Idan na Abuja ya makara da minti ashirin, dole na Kaduna ya ci wannan minti ashirin a tsaye, kuma makarar ta bi sauran sawun ranar. In kuwa tarago ya goce, babu wata hanyar da za a karkata, komai ya tsaya ke nan sai an ɗaga shi an gyara wurin.

Shi kuwa layin dogo ba ƙarafa biyu ba ne kawai. Ƙarfen yana zaune a kan tubalan kankare da aka jera a gicciye, an ɗaure shi da maƙalan ƙarfe, su kuma tubalan suna kwance cikin tsakuwa. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu milimita 1,435 ce, kuma ba ta jure wasa. Ruwan damina yakan zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashin tsakuwa, musamman inda kwalbati ya toshe, sai layin ya lotsa. Zafin bazara yana da nasa aikin: ƙarfe mai tsawon kilomita guda yana ƙoƙarin ƙara kusan santimita ɗaya a duk digiri ɗaya na zafi, kuma abin da ke hana shi lanƙwashewa shi ne waɗannan maƙalai da nauyin tsakuwa. Shi ya sa satar maƙalan ta fi ci mini rai fiye da kowace irin ɓarna. Wanda ya kwance su ya kai wa 'yan gwangwan ya sami abin da bai taka kara ya karya ba, ya bar ɗaruruwan rayuka a kan ƙarfen da ba abin da ke riƙe da shi.

Idan injiniyoyi suka gano wuri mai rauni, abu na farko da suke yi shi ne ƙayyade gudu a wannan yanki har a gyara. Rarrafen da ke ba ku haushi ke nan. Ni kam idan na ji direba ya sassauta, hankalina ya fi kwanciya, domin alama ce wani ya duba layin ya rubuta abin da ya gani.

Wurin da ya fi kowanne haɗari shi ne mahaɗa, inda ake karkata jirgi daga wannan layi zuwa wancan. A ranar 26 ga Agustan 2025 jirgi ya goce a Asham, mutane suka ji raunuka, aka dakatar da sufuri har farkon Oktoba. Rahoton farko na hukumar binciken haɗurra ta NSIB ya nuna cewa na'urar sauya layin wurin ba ta aiki, da hannu ake juya ta, kuma an taɓa gocewa a nan a baya ba a yi cikakken gyara ba. Hukumar jiragen ƙasa ta NRC kuwa ta ɗora laifin a kan gudun da ya wuce ƙima da yadda aka taka birki. A ganina maganganun biyu ba su kore juna ba. Wuri mai rauni idan ya gamu da gudu, abin da zai faru ke nan, kuma alhakin duka biyun yana wuyan masu gudanar da layin.

Dakatarwa mafi tsawo ita ce ta bayan harin 28 ga Maris 2022, lokacin da aka dasa bam a kan layin, aka kashe mutane, aka sace fiye da sittin. Jirgi bai dawo ba sai 5 ga Disamba. Da ya dawo, aka rage sawu, aka janye tafiyar dare, aka wajabta lambar NIN wajen sayen tikiti.

Shawarata ga matafiyi ita ce ya ɗauki jirgin farko na safe idan yana da alƙawari mai muhimmanci, domin makara taruwa take yi yayin da rana ke dagawa. Wanda zai kama jirgin sama a Abuja, ko yana da ganin likita ko jarrabawa, ya taho tun ana gobe, ko ya bar tazarar awa uku aƙalla, musamman daga Yuli zuwa Satumba da ruwa ke da ƙarfi. Ku sayi tikiti ta shafin hukumar da sunanku, ku bar na bayan fage, domin idan aka soke tafiya mai suna a tikiti ne kaɗai ke da bakin neman kuɗinsa ko sauyin rana. Ku riƙe ruwan sha da maganinku a jakar hannu, mai ciwon suga ko hawan jini ya fi kowa buƙatar jin wannan.

Idan jirgi ya tsaya a daji, kada ku sauka sai ma'aikata sun ce a sauka, kuma kada a zauna a kan layi. Jirgi mai gudu yana buƙatar ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya, ko da direba ya hango mutum. In gocewa aka yi, a fara fitar da yara da tsofaffi da waɗanda suka ji ciwo, kaya su biyo baya.

Mutanen Jere da Rijana da Kubwa da sauran garuruwan gefen layi su ne idon da ya fi kusa da shi. Manomi ko makiyayin da ya ga an kwance maƙalai, ko ruwa ya ci ƙasa a gindin gada, ya gaggauta sanar da shugaban tasha mafi kusa ko jami'an tsaro, ko mai gari ya isar da saƙon.

Ita kuma hukuma, akwai abin da ba ya buƙatar jiran kasafin kuɗi: ta riƙa gaya wa mutane gaskiya a kan lokaci. Tana da lambar wayar duk wanda ya sayi tikiti ta intanet, saƙo ɗaya ya isa ya hana mutum tasowa daga Zariya da asuba ya tarar an soke jirgi. Kuma idan an ƙayyade gudu a wani yanki na tsawon makonni, a sake jadawalin ya nuna ainihin lokacin isa, a faɗi wurin da ake gyarawa da ranar da ake sa ran gamawa.